Wasiƙar Da Sifirit Ya Wanke

Dunja ta ɗago takardar daga ƙasan akwatin. Jiƙe take sharkaf da sifirit, shuɗiyar tawada ta malale ko'ina, ba abin da ya tsira sai "Dunjata" da "Juma'a".

Shekara uku ke nan duk Litinin akwatin saurayinta Radovan ke isowa ɗakin bincikensu a Novi Sad. 'Yan kwalabe ne cike da sifirit, kowace da guntun fiffiken kifin kogin Drina, ita kuma ta karanta masa ƙwayoyin halittarsu. A ƙarƙashi yakan ɓoye mata wasiƙa da fensir, domin ko sabon shiga a aikin nan ya san sifirit na cinye tawada.

Tun ranar da mahaifiyarta ta ce ba za ta ba mai ƙarnin kifi 'yarta ba, Dunja kuma ta yi shiru, wasiƙu suka ɗauke. Wata biyu tana cin abincin rana ita da ƙugin injin ɗakin binciken. Kewa kam ta sha ta.

Gordana abokiyar aikinta ta leƙo, ta taɓe baki.

"Sallama ce, 'yar uwa. Juma'a zai tafi Norway, kowa ya sani. Ki haƙura."

"In sallama ce, me ya kawo 'Dunjata'?"

Dunja ta kira Radovan a waya sau tara. Kwazazzabon Drina inda yake aiki ba shi da sabis.

Alhamis da hantsi ta sauka daga bas, ta same shi a bakin ruwa yana naɗe koma. Ya rame.

"Dunja...?"

Ta ɗaga masa takardar, hawaye na zuba.

"Biro, Radovan! Kai da kanka? Biro a akwatin sifirit!"

Ya yi tsuru-tsuru, kunnuwansa suka yi ja.

"Fensir ana goge shi, masoyiyata... Wannan maganar ban so ta gogu ba."

"To ta gogu. Kwana uku ban san ko korata ka yi ko kirana ba!"

Ta zaro fensir daga gashinta ta miƙa masa. Ya ɗora takardar a gwiwa ya rubuta: *Ki ce kada in tafi.*

"Mama fa?" ya tambaya a hankali.

Dunja ta karɓe fensirin ta mayar cikin gashinta.

"Kada ka tafi. Mama kuma, wannan karon ni zan yi magana."