Kwalbar Ganyen Lorel

"Ai ɗan nawa ajiye ta ya yi a kwalba kamar ƙwarinsa. Bai bari ta bushe ba, bai kuma kafa ta ba."

A shagon burodi Lieke ta ji mahaifiyar Sjoerd ta faɗi haka a kanta, Marloes da uwar ke masa sha'awar aure kuwa har da riƙe ciki don dariya.

Burodin da Lieke ba ta saya ba ke nan. Ta hau kekenta ta koma gida, fuska kamar ta fashe.

Abin haushin, gaskiya matar ta faɗa!

Tun farkon bazara Sjoerd ke kawo mata duk malam-buɗe-littafin da ya kamo, wai su ba su da shingen lorel, bishiyar da ganyenta ke sa mataccen ƙwaro ya yi laushi. Ita ke yayyanka ɗanyen ganyen ta zuba a kwalba, ta shimfiɗa takarda ta jera su, don kada fukafukan su ƙage kafin ya kafa su a allo da allura.

Kafawar ce dai har yau shiru. Sai ya zo ya sha kofi, ya leƙa kwalba, ya ce, "Su ƙara laushi tukuna."

Ranar Asabar ya shigo da fara'arsa.

"Lieke! Ya baƙin namu?"

Ta dire masa kwalbar a tebur. Fumfuna ta yi wa fukafukan fari fat.

"Kai! Me ya same su?"

"Jira ya same su," ta ce. "Kullum gobe, kullum gobe... Ka kwashe ka kai wa Marloes, na ji tana da ƙaton firiza!"

"Marloes kuma? Yarinyar da ko gizo-gizo ta gani sai ta hau kujera?"

"Ni dai na gaji, Sjoerd."

Ya laluba aljihu zai ciro hankici, sai ga ganye sharr a ƙasa. Lorel ne, ɗanye shar, yankakke tsaf.

Ta tsura wa ganyen ido.

"Wannan fa?"

Kunnuwansa suka yi jawur.

"Na... na bayan gidanmu ne."

"Kuna da shinge?!"

"Ya fi naku tsawo ma," ya ce a hankali. "Ina da kwalabe kuma. Kawai dai... in na kafa waɗannan, da wane dalili zan riƙa zuwa? Mama ma na gaya mata ta bar zancen Marloes."

Takaici ya sa ta rasa ko ta yi kuka ko ta jefe shi da murfin kwalbar. Wata nawa tana yanka ganye har yatsunta na wari!

A karon farko ta dube shi ido cikin ido.

"Ƙwarin dai sun lalace, Sjoerd. Babu sauran kwalba... Gobe za ka zo don ni?"