Mita Ɗarin da Suka Ɓace

Ranar Laraba aka kawo wa Sufeto Yunus rahoton yankewar wayar tarho ta ƙarƙashin ƙasa a hanyar garin Tit. An riga an kama Tasi'u, lebura ɗan Damagaram da ya tsallako iyaka neman aiki, domin a ramin da yake haƙa ne Sharifu, ma'aikacin kamfanin tarhon, ya ce wayar ta katse. Tasi'u ba shi da takardun zama a ƙasar, kuma motar mai da baƙi iyaka za ta tashi Alhamis da la'asar.

"Wallahi, ranka shi daɗe, digata ba ta taɓa waya ba," in ji Tasi'u.

Hankalin Sufeto bai kwanta ba. Ya kira Sharifu.

"Yaya ka gane wurin?"

"Na'ura ce. Tana aika sigina cikin waya, in ya iske inda ta katse sai ya dawo, ta faɗi nisan. Mita dubu da ɗari biyu daga gari."

"Daga ɗaya bakin fa?"

"Ban auna ba. Ba buƙata."

"Tsawon wayar nawa?"

"Dubu biyu."

Washegari da safe Sufeto ya sa shi gaba har ɗaya bakin. Sharifu ya jona na'urar yana ta gumi. Mita ɗari bakwai.

"Ni lissafin 'yan makarantar lekkol kawai na iya," in ji Sufeto, "amma da diga ce ta sare ta, ai ɗari takwas za mu gani. Ina mita ɗari?"

"Ƙila na'urar ce ta rikice."

Sufeto ya karɓe ta, ya buɗe awon da ta adana. Ga ɗari bakwai ɗin nan, an auna tun ranar Talata, kafin kowa ya kai ƙara.

Sharifu ya zauna a ƙasa.

"Ni na yanke, na zare ta daga cikin bututunta, na sayar da tagullar. Na ga yana haƙa a wurin. Na ce ai baƙo ne, gida kawai za a mai da shi."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota. Sufeto ya buga waya buro, ofishinsu, ya ce a saki Tasi'u.

"Wane Tasi'u?" aka ce. "Ai motar ta cika da wuri. Tun hantsi suka kama hanya."