Dabinon da Ya Ƙi Nutsewa

Ranar da Alhaji Gali na Durba ya cika kwana arba'in da rasuwa, a shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano, aka aika Rano aka ɗauko Malam Ishiyaku mai turare domin ya yi wa kayan mamacin ƙima kafin rabon gado. Babu wanda ya fi shi cancanta, domin tare suka kama hanyar Makka ta ƙasa suna samari. Shi Ishiyaku ya sauke farali ya komo gida, Gali kuwa ya zauna Jidda shekara goma sha biyu, inda ya kamu da son abin wuya na itacen udu, itacen ƙamshin nan da ake sassaƙawa a rataya. Guda tara ya bari cikin ƙaramin akwatin ƙarfe.

A zaure Malam Ishiyaku ya sa aka kawo kwanon ruwa. Ya san abokinsa ba ya sayen udu sai mai nauyin da zai nutse. Ya riƙa jefa su ɗaya bayan ɗaya yana tsamewa, takwas suka kai ƙasa. Na tara, mafi girma, wanda aka sassaƙa da siffar ɗan dabino da zane a jikinsa, ya tsaya a bisa ruwa yana juyi. Ya ɗauke shi, ya murza a tafin hannu har ya yi ɗumi, ya kai hanci. Babu komai sai ƙaurin hayaƙi.

"Wannan aduwa ce," in ji shi. "An musanya."

Muntari, ɗan farin mamacin, ya miƙe tsaye. "Ramalan masassaƙi ne! Shi kaɗai aka taɓa ba wa su, ya sake musu igiya cikin watan Sha'aban."

Kafin azahar Sajan Habu ya iso daga Kibiya, an kuma ɗauko Ramalan masassaƙi daga Unguwar Gai. Ƙofar gida ta cika, ana ta raɗa cewa yanzu fa zamani ya sauya, sata tana iya cin hannu. Ramalan ya zauna a gefen tabarma, ya cusa hannuwansa cikin riga.

Sajan ya buɗe littafinsa. "Kwana nawa suka yi a wurinka?"

"Kwana biyu, ranka ya daɗe."

"Wa ya karɓa?"

"Alhaji da kansa. A gabana ya jefa su a ruwa, har yana yi mini dariya, wai ko ɗan'uwansa ne sai ya gwada."

"Akwai shaida?"

"Shaidata tana kabari."

Malam Ishiyaku ya nemi izini ya sa baki. "Ramalan, da za ka yi na jabu, da wane itace za ka yi?"

Ramalan ya ce, "Malam, Allah ya tsare ni. Amma kirya ce mai nauyi. Wa zai ɗauki aduwa bayan ya ga ana gwaji da ruwa?"

"Da me kake yin zane?"

"Da wuƙa, a sanyinta. Ban taɓa kai ƙarfena wuta ba."

Tsohon ya juya ga Muntari. "Kai fa, yaushe rabonka da akwatin nan?"

"Ban taɓa buɗe shi ba, Baba. Mabuɗin yana wurin Hajiya. Ni ne ma na nemo mai saye daga Kano, jibi zai zo. Ina ribata in ya tarar da jabu?"

"Duka taran za a sayar?"

"Duka. Itace ba ya rabuwa tsakanin magada shida."

"Ka shawarci mahaifiyarka?"

"Na aika mata ta bakin ƙanwata. Ba ta ce komai ba."

Malam Ishiyaku ya fita da ɗan dabinon cikin rana ya daɗe yana dubawa. Daga nan ya roƙi Sajan ya ba shi ɗan lokaci, ya yi sallama ya shiga cikin gida. Hajiya Maijidda tana cikin takaba, saboda haka ya tsaya daga bakin ƙofa, asabari tsakaninsu. A jikin bango ga ƙore jere, kowace da zanen wuta mai kyau, aikin da ta shekara hamsin tana yi.

Suka gaisa, suka yi wa mamaci addu'a. Sannan ya ce, "Hajiya, Ramalan yana zaure. In la'asar ta yi za a wuce da shi Kibiya, a kan ɗan dabinon nan."

"Ramalan kuma?" in ji ta. "Ba wanda ya gaya mini. Me ya yi?"

"Bai yi komai ba, ke ma kin sani. Zanen da ke jikin wannan da wuƙa mai zafi aka yi shi, irin na ƙorenki. Kuma duk ɓarawon da ya san kasuwa zai jiƙa shi da turare kwana uku kafin ya ajiye. Wanda ya yi wannan ya iya hannu ƙwarai, amma bai ɗiga masa ko ɗigo ɗaya ba. Na tambayi kaina, wane ne a gidan nan aka hana taɓa turare?"

Can sai aka turo ƙaramar ƙwarya ta ƙarƙashin asabari, da wani abu a ciki naɗe cikin ƙyalle har ninki uku.

"Da ƙyalle na ɗauke shi, ban bari ya taɓa jikina ba," in ji ta. "Malam, ka tuna Sawakin?"

Ya tuna. Garin bakin teku, inda mutanenmu ke jiran jirgin ruwa wata da watanni, suna dako suna wanki, suna cin abinci a akushi ɗaya. A can iyayenta suke zaune, a can aka ɗaura mata aure da Gali ƙarƙashin rumfar kaba.

"Me ya ba ni sadaki?"

"Ba shi da ko sisi," in ji Malam Ishiyaku a hankali. "Wani guntun itace baƙi da wani Bayamale ya ba shi ladan dako. Har muka yi masa tsiya, muka ce ya auri mace da makamashi."

"Shi ne wannan. A Jidda ya kai aka sassaƙa mini. Da ya fara tara nasa, na ce ya ajiye mini tare da su, tunda akwatinsa akwatina ne."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Wancan?" Ba ta taɓa kiran sunan Muntari ba tun da ta haife shi. "Shekara arba'in da huɗu ban taɓa haɗa ido da shi na yi magana mai tsawo ba. Yau in zauna ina jayayya da ɗan fari a kan dukiya, kabarin ubansa bai bushe ba? Na zaci za a sayar a tafi, ba wanda zai sha wahala."

"Da mai saye ya sha, Hajiya."

"Na sani. Ina neman gafarar Ubangiji, a kuma roƙar mini Ramalan."

Malam Ishiyaku ya koma zaure ya warware ƙyallen a gaban kowa, ya jefa ɗan dabinon cikin kwano. Ya nutse har ƙasa. Ya bayyana yadda zanen wuta ya wanke Ramalan, yadda rashin ƙamshi ya nuna mai takaba, sannan ya ce, "Mu huɗu muka shaida aurenta, uku sun riga mu gidan gaskiya. Ni na rage, kuma na shaida wannan sadakinta ne. Ba ya cikin gado."

Sajan Habu ya rufe littafinsa. "Mutum ba ya satar kayansa. Amma akwai wanda aka ɓata wa suna a bainar jama'a."

Muntari ya tashi ya durƙusa gaban Ramalan ya nemi afuwa. Sai a lokacin masassaƙin ya fito da hannuwansa daga riga, ya miƙa masa na dama.

Da za a mayar da ɗan dabinon cikin gida, Muntari ya ce shi zai kai. Ya tsaya a bakin asabari, kansa a ƙasa. Ya tura ƙwaryar ya juyo.

Malam Ishiyaku ya hau bayan babur zuwa Rano. Har suka wuce gonakin Kibiya bai saki tafin hannunsa daga hanci ba, domin ƙamshin rumfar Sawakin yana nan a jiki, kuma ban da shi da matar da ke bayan asabari babu sauran wanda ya san shi.