Ranar da Na Wasa Wuƙar Baballe

"Sai yaushe, Zuliha? Faɗa mini, sai yaushe?"

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Agege, a Legas, Sa'idu ya tare ni, ranar jajibirin Babbar Sallah. Hannuwansa baƙi ƙirin da kwal ɗin da yake zuba wa injin jirgi, bayansa kuma ana ta sauke raguna daga taragon Kano.

"Ka rage murya, ana kallonmu."

"A kalla! Oga ya gama magana, bayan Sallah an mayar da ni Zariya. In na tafi ni kaɗai..."

"Sai me? Ƙarasa mana! Sai ka auri 'yar Zazzau?"

"Haba, hasken idona..." Muryarsa ta sauko. "Wa na kalla tun da na gan ki? Baffanki Shitu ya yarda, dangina sun gaji da kai gaisuwa. Inna kaɗai ta rage. Ni kuma ba zan ɗauke ki ba da albarkarta ba."

"Ta ce sai Yaya Baballe ya dawo."

Ya dube ni. Ni da shi duk mun san Yaya Baballe ba zai dawo ba.

Na juya na tafi ban yi masa sallama ba, don kada ya ga idona. Ni ba na kuka a gaban mutane. 'Yar boko mai taurin kai ake ce mini a unguwarmu, tun da na gama makaranta na kama koyar da 'yan mata, kuma ban taɓa musa sunan ba.

Gidanmu gidan soja ne tun daga kakanmu. Da yaƙi ya zo, Yaya ya bi sawun gida, aka kwashe su zuwa ƙasar Bama, can ƙetaren teku. Sojoji sun dawo ta tashar jirgin ruwa ta Apapa, an yi kiɗa, an yi guɗa, babu shi. Wani abokinsa ya zo har zaurenmu ya ce da hannunsa ya zuba masa ƙasa.

Inna ta ce, "Ya yi kuskure. Daji ne, mutane na kama da juna." Ta hana a yi zaman makoki.

Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba saboda kunya. "Yayanki" take cewa, ko "wancan." Ba ta yi kuka ba. Sai dai ta ɗauki wuƙar gidanmu ta naɗe a tsumma, ta tura ƙasan adakarta.

Doguwar wuƙa ce mai mariƙin ƙaho, da ita ake yayyanka naman layya tun zamanin kakanmu. Al'adar gidan ita ce, namijin gida shi yake wasa ta ranar jajibiri, ya gwada kaifinta a gashin hannunsa. Baba ya yi har ya rasu, Yaya ya karɓa. Tun tafiyarsa sai mu aro ta maƙwabta, duk Sallah, kamar marasa gado.

Da na isa gida na kasa zama. Na ɗauki tsintsiya na ajiye. Na buɗe littafi na rufe. Na zagaya tsakar gida, ragonmu yana bina da ido. Can jirgi ya yi kuka a tasha, sai na ji kamar a ƙirjina ya yi.

Inna tana bayan ɗaki tana jera goro a ganye. Na shiga ɗakinta, na buɗe adaka.

Tsatsa ta ci bakin wuƙar, ta yi ja kamar an shafa mata manja.

Dutsen wasan yana nan gindin rijiya, tsakiyarsa ta lotsa saboda hannun maza uku. Ina ƙarama ni nake tsiyaya wa Yaya ruwa yana wasawa, yana tsokanata wai hannun alli ba ya riƙe ƙarfe. Na durƙusa, na jiƙa dutsen, na kwantar da bakin wuƙar yadda na ga yana yi, na tura.

Ƙarar ta cika gidan.

"Wa ke nan?!"

Ban taɓa jin muryar Inna haka ba. Ta fito da gudu, ɗankwalinta a hannu, fuskarta a washe... Sai ta ga ni ce. Na ga hasken ya mutu a idonta.

"Ajiye ta."

"Ba zan ajiye ba, Inna."

"Zuliha! Ni kike faɗa wa haka? Abin da bokon ya koya miki ke nan?"

"Boko bai koya mini wasa wuƙa ba. Yaya ne ya koya mini."

"To ki bar masa aikinsa! In ya dawo ya tarar..."

"Ya tarar da me, Inna? Tsatsa? Dubi yadda ta koma!" Na ɗaga mata ita, jan ruwa yana bin hannuna. "Haka nake komawa ni ma. Kin naɗe ni kin sa a adaka, ina jiran wanda ba zai zo ba!"

"Saboda ɗan reluwe kike yi wa ɗan'uwanki fatan mutuwa?"

Maganar ta soke ni, amma ban daina turawa ba. Gaba, baya, na juya ɗaya gefen, na ƙara ruwa.

"Na yi haƙuri, Inna. An yi mini dariya a gidan biki, na shanye. Ƙawayena sun yi goyo, na yi musu barka. Ban gudu ba, ban kai ƙararki wurin Baffa ba. Amma shi fa? Shekara nawa yana kwance a ƙasar mutane, uwarsa ba ta ce Allah ya jiƙansa ba ko sau ɗaya?"

Hannuna ya goce, wuƙar ta ɗan shafi yatsana. Jini ya fito. Inna ta yi wuf ta kama yatsan ta matse da bakin zaninta, kamar ina 'yar yaye.

"In na ce haka..." ta faɗa a hankali, "shi ke nan ya tafi. Ke ma ki tafi. In zauna da wa?"

Na sunkuyar da kai ina kallon dutsen.

Ta zare wuƙar daga hannuna, ta shige ɗaki ta saki labule. Har gari ya waye ba ta ƙara ce mini uffan ba. Na ce a raina, shi ke nan, Zuliha, taurin kanki ya raba ki da uwa, ya raba ki da miji.

Da aka sauko daga idi, Baffa Shitu ya zo ya yanka ragon, aka feɗe. Ana cikin haka Sa'idu ya yi sallama, ya zo barka da Sallah cikin farar riga. Ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa. Ko kallona bai yi ba, ni ma na ɗauke kai.

Baffa ya ce, "Zuliha, leƙa maƙwabta ki aro mana wuƙa."

"A bari."

Inna ce a bakin ƙofa, da wuƙar a hannunta. Babu ɗigon tsatsa a jikinta, tana ta sheƙi. Ashe da asuba, sa'ad da na tafi ɗebo itace, ita ta ƙarasa abin da na fara.

Ta ajiye ta a kan tabarma. Ba ta dubi Sa'idu ba, Baffa ta duba.

"Malam, mace ta wasa, amma mace ba ta gwadawa. A ce wa wancan ya naɗe hannun rigarsa."

Wancan! Sunan da ba ta taɓa kiran kowa da shi ba sai mutum ɗaya.

Sa'idu ya ɗago a firgice. Baffa ya yi dariya. "Kai ake nufi, ɗan reluwe! Ko kwal ya ƙone gashin?"

Ya ɗauka da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya shafa ta a damtsensa. Gashin ya zube.

"Ta yi kaifi, Inna," ya ce.

"To a faɗa masa, ko Zariya ko bayan Zariya, duk jajibiri ina jiran ƙarar dutsen nan. Jirgi dai ba kuɗinsa yake biya ba."

"In Allah ya yarda, Inna... ni da ita."

Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗaga tafukanta sama.

"Allah ya jiƙan Baballe," ta ce. "Allah ya jiƙan ɗana."

Na faɗa jikinta. Ni, Zuliha, da ba na kuka a gaban mutane, na yi shi ranar a gaban Baffa, a gaban Sa'idu, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Inna tana bubbuga bayana, hawayenta yana sauka a wuyana.

"Ya isa, mai taurin kai," ta ce. "Tashi ki hura wuta, mijinki zai yanko mana hanta."