Kalma Biyu a Jikin Kwalin Ƙwai

Wata Asabar ce a watan Oktoba, ana irin yayyafin nan namu da ba ya ɗaukewa kuma ba ya ƙaruwa, Rufus Larwood ya tsaya gaban teburin ƙwai a kasuwar garinmu. Ya ɗauki kwali ɗaya yana jujjuyawa. Ko buɗewa bai yi ba, rubutun jiki kawai yake karantawa, har da ƙananan da ke ƙasa.

"Bawan Allah, ƙwai ake sayarwa a nan, ba jarida ba," in ji budurwar da ke bayan teburin.

Ya ɗago kai. Hazel Utting ce, 'yar Derek mai gonar kaji, ta nutse cikin rigar ruwan babanta, hancinta ya yi ja don sanyi. Nan take Rufus ya manta abin da ya kawo shi.

"Aikina ne," ya ce da ƙyar. "Ƙaramar hukuma ce ta ɗauke ni in riƙa duba ko abin da aka rubuta a jikin abinci gaskiya ne."

"To, ka samu ƙaryar?"

"Tukuna."

"Sai ka dawo mako mai zuwa, ko za ka dace."

Ya kuwa dawo. Ya sake dawowa. Mutumin da ƙwai bai dame shi ba ya wayi gari firjinsa ba wurin ajiye madara. Kafin wata ya ƙare tana kiransa Sarkin Ƙa'ida, shi kuma yana ce mata 'Yar Tsako, mu 'yan kasuwa muna ji muna kau da kai.

"'Yar Tsako, yau na karanta kwalaye sun fi ƙarfin idona, ba wanda ya yi min daɗi kamar naki."

"Sarkin Ƙa'ida, haka ake zance a ofishinku? Sai ka ƙara ƙoƙari. Amma na yi murmushi, kada ka gaya wa kowa."

Kwalin nasu kuwa kowa ya san shi. Hoton kaza ce tsaye cikin ciyawa, wanda marigayiya mahaifiyar Hazel ta zana da hannunta, a ƙasa an rubuta kalma biyu da Turanci, free range. Ma'anarsu kajin sake ne, masu fita fili da rana su yi tono, su dawo rumfa da yamma. Derek ya fara sakin kajinsa tun zamanin da maƙwabta ke cusa nasu a keji suna yi masa dariya. Shekara talatin kalmomin nan suna jikin kwalinsa, ba su taɓa zama ƙarya ko na yini ɗaya ba. Mutum ne mai taurin kai, ni dai ban taɓa ganin na biyunsa ba, amma ba maƙaryaci ba ne.

A Nuwamba agwagin daji suka iso daga arewa kamar kullum, sai dai a shekarar da murar tsuntsaye suka zo. Gwamnati ta ba da umarni kowa ya kulle kajinsa a rumfa. Derek ya rufe ƙananan ƙofofin da kajin ke fita, ya tsaya yana jin yadda suke dukan katako da baki. Filin ya koma fayau. Kajin suka fara figar gashin juna don ƙunci, shi kuma ya rage magana, ya rage cin abinci.

Doka ta yi sassauci: ko kaji suna kulle, za a iya barin kalmomin nan a kwali na kamar wata huɗu. Bayan nan dole a rufe su da wata kalmar, barn, wato kajin rumfa. Kowa ya ɗauka cutar za ta wuce kafin lokacin. Maris ya zo ba ta wuce ba.

A daidai makon ne Hazel ta gayyaci Rufus cin abincin Lahadi, don ya nemi aurenta wurin babanta. Rashin sa'a, suka tarar da Giles Bullimore zaune a teburin. Giles ne mai babban kantin bakin titi da ke ɗaukar rabin ƙwansu, kuma ya daɗe yana zagayen Hazel da sabuwar motarsa. Derek yana ganin girmansa.

Ba a gama yanka gasasshen naman ba Giles ya tayar da zancen. "Mista Utting, ka bar kwalinka yadda yake. Wa zai bi ƙwai ya tambaye shi inda uwarsa ta yini? Kalma ce kawai."

Derek ya juya ga Rufus. "Kai ne masanin rubutu, samari. Me ka ce?"

Hazel ta taka ƙafar Rufus ta ƙarƙashin tebur. Ya ji, amma Rufus bai iya kwana-kwana ba.

"Mista Utting, matar da ta ɗauki kwalin nan a kanti ba ta ga gonarka ba. Kalmar kaɗai take gani, ita take saya. Tana nufin kajin sun fita waje. In ba su fita ba, ba za a rubuta ba. Na ɗan lokaci ne, kuma ba laifinka ba ne."

"Barn," in ji Derek, kamar ya tauna tsakuwa. "Daidai da masu tara kaji dubu-dubu da ba su taɓa ganin rana ba. A ƙarƙashin zanen matata."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ka ci abincinka ka tafi. Maganar da ta kawo ka kuma na san ta, ka koma da ita. Ba zan ba da 'yata ga wanda zai riƙa auna ni da ma'auni a gidana ba."

Rufus ya ajiye cokali ya fita cikin ruwan sama. Hazel ta bi shi har bakin mota tana kuka.

"Da ka yi shiru mana! Yini ɗaya kacal!"

"Ya tambaye ni, Hazel. Da na yi masa ƙarya, wa za ki aura?"

Abin da Derek ya yi bayan nan, sai wanda ya san shi zai fahimta. Bai iya bin shawarar Giles ba, don ƙarya ce. Bai iya manna sabuwar kalmar ba, don zuciyarsa ta ƙi. Sai ya ga hanya ɗaya ta rage masa, ya mayar da tsohuwar kalmar gaskiya. Da safe ya zagaya rumfar, ya buɗe ƙofofin nan duka. Kajin suka fito a guje suna baza fikafikai cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Hazel ta ce rabon da ta ga babanta yana dariya haka tun kafin rasuwar mahaifiyarta. Ta roƙe shi ya mayar da su, ya ce ta bar su su sha iska. A ƙasan filin akwai kududdufin da agwagin daji suke sauka.

Ba a yi mako ba kajin suka fara yin shiru. Tukkunsu ya yi baƙi, kawunansu suka kumbura, da safe a tarar da su zube. Ran nan motocin likitocin dabbobi suka shigo gonar, mutane cikin fararen kaya har fuska, aka ɗaure hanya da igiya. Zuwa yamma babu kaza ko ɗaya mai rai a gonar Utting. Duk wanda ya saba wucewa ta wurin ya san kukan kajin nan, shirun da ya biyo baya ya fi komai ciwo.

Giles ne ya raɗa wa Hazel cewa ai ba a rasa wanda ya kai rahoto ba, kuma kowa ya san mai aikin hukuma a cikinsu. Zuciya tana zafi, ta ɗauki waya ta rubuta wa Rufus.

"Kai ka sa masa maganar a kai, kai kuma ka turo likitocin. Ka samu ƙaryar da kake nema? Kada ka sake kirana."

Amsarsa gajeriya ce. "Ban kira kowa ba, 'Yar Tsako. Amma maganata ce ta kai shi, wannan kam ba zan musa ba. Ina nan."

Ta karanta ta kashe wayar. Ya daina zuwa kasuwa, da ma kuma babu teburin ƙwai. Watanni suka wuce, an ci tarar Derek, an wanke rumfar da magani, shi kuma ya koma zama a kicin yana kallon fili ta taga. Hazel ta rame. Ta goge lambar Rufus, amma a kanta take, ba ta gogu ba.

Wata rana Giles ya zo da kwali a hannu yana fara'a. Kwalinsu ne, da kazar da ciyawar da sunan gonar.

"Ga mafita, Mista Utting. Zan riƙa kawo ƙwai daga wani wuri, mu zuba a wannan. Mu cire kalmomin can masu jawo rigima, mu sa farm fresh, sabo daga gona. Wannan ba ta ɗaure kowa da komai ba, ko wane ƙwai daga wata gona ya fito. Mutane su ga kaza cikin ciyawa su ƙarasa sauran da kansu."

Derek ya karɓi kwalin ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya buɗe ƙofa ya riƙe ta har Giles ya gane.

Da motar ta tafi ya kira 'yarsa. "Zauna, Hazel. Ni na kira likitocin. Da na ga na farko sun faɗi, na tuna kajin maƙwabta. Na ji kin ɗora wa yaron nan, na yi shiru, don ya fi min sauƙi ki tsane shi da ki tsane ni." Ya dafa teburin. "Mutum biyu suka zauna a teburin nan. Ɗaya ne kawai ya ɗauki kalmar da ke ƙarƙashin zanen mahaifiyarki da nauyin da na ɗauke ta, shi na kora."

Hazel ta kifa kai a tebur ta yi kuka mai isarta. Sannan ta ɗauki waya ta rubuta wa Rufus: "Na zalunce ka. Ban san da wane ido zan kalle ka ba."

"Da waɗanda kika kalle ni a kasuwa. Ina kike?"

"Zan je kanti. Baba na son ƙwai."

A can ya same ta, tsaye gaban jerin kwalaye. Tun da aka haife ta ba ta taɓa sayen ƙwai ba. Ko wane kwali da koren fili da rana mai murmushi, ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan, hawaye na zuba.

"Ban san wanda zan yarda da shi ba, Rufus."

Ya ɗauko ɗaya da aka manna wa 'yar farar takarda mai kalmar barn a kan tsohon rubutun. "Wannan. Mai shi ya faɗi abin da ba ya so ya faɗa."

Ta riƙe kwalin, shi kuma ya riƙe hannunta. "Sarkin Ƙa'ida," ta ce a hankali, "har yanzu maganar aurenmu tana nan?"

"Ba ta taɓa tashi ba."

An ɗaura auren a ƙaramin cocin garinmu a ƙarshen Nuwamba, ana ruwa. Ba a yi wani taro ba, don cutar ta sake dawowa, rabin manoman da aka gayyata suna tsoron taka gonar juna. Derek ya kawo 'yarsa gaban limamin cocin cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa. Kafin nan ya zuba sababbin kaji kaɗan, kuma suna fara ƙwai aka sake ba da umarnin kullewa. Ba su taɓa taka ciyawa ba.

Bayan an ci abinci ya miƙe, maimakon jawabi sai ya ciro kwali daga ƙarƙashin kujera ya miƙa wa ango. Kazar tana nan cikin ciyawarta. A ƙasa ya manna farar takarda da hannunsa, ɗan a karkace, tun kafin doka ta tilasta masa.

"Karanta, ɗana. Akwai ƙarya?"

Rufus ya karanta har ƙananan rubutun ƙasa. "Babu, Baba."

"To ga ƙwai, ga Hazel. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku riƙa gaya wa juna gaskiya ko da ba daɗi." Ya share ido da bayan hannu. "Ranar da aka ce a buɗe, ku zo da wuri. Ba na so in buɗe ƙofofin nan ni kaɗai."

Muka amsa da amin. Hazel ta jingina kai a kafaɗar mijinta, kwalin yana kan cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu.