Kwandon Da Ya Dawo Babu Tukuici

Inna Dudu tana tsugune gaban murhun banda tana juya tarwaɗa, hayaƙi yana sa ta hawaye, sai rediyon da ke rataye a ƙofar ɗaki ta fara kiran sunaye. A lokacin Yawuri tana cikin Jihar Sakkwato, kuma duk shekara akan karanto ɗaliban da gwamnati ta ba sikolashif, wato tallafin karatu. Mai karantawa ya bi Argungu, ya bi Zuru, ya gangaro ƙasar Yawuri.

"Yusha'u Abdullahi Ngaski."

Zuliha, 'yar Inna Dudu, tana gyaran karfasa a gefe. Wuƙar ta suɓuce mata.

"Wane Yusha'u?" in ji Inna. "Namu?"

"Shi ne, Inna."

"Cikin rediyo? To ashe Gwamna ya san shi ke nan."

Ta miƙe ta rangaɗa guɗa, tarwaɗa biyu suka ƙone. Malam Tanimu, mai gidan, yana ɗinkin taru a inuwa. Alhamdu lillahi kawai ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Yusha'u maraya ne. A kwalekwalen kawunsa ya girma, nan tungarsu ta masunta a bakin tafkin Kainji, da rana makaranta, da yamma tuƙi da filafili. An yi masa baiko da Zuliha tun bara, ga shi yanzu ya samu shiga kwalejin horon malamai a Sakkwato.

Kafin la'asar labari ya kai bakin ruwa cewa gwamnati ta yanka wa Yusha'u albashi. Kafin magariba albashin ya haifi babur. Da gari ya waye babur ya zama mota, har aka samu wani tsoho da ya rantse ya san launinta. Mutanen da jiya suke aiken Yusha'u sayen taba, yau su ne masu ce masa ranka ya daɗe. Shi kuwa gogan, daɗi ya hana shi cewa a'a. Gaskiya shi ma bai san yadda abin yake ba.

Ranar tafiya Zuliha ta raka shi bakin jirgi, tana tafe tana kallon ƙasa.

"In ka zama babban mutum kada ka ce warin kifi nake."

"Haba Zuliha. Ai ni warin nan shi ne turarena. Bari dai a fara biyan alawus, za ki ga aiki."

Jirgi ya tashi ya nufi Yelwa. Ta tsaya har ƙarar inji ta ɓace, ruwa ya koma shiru.

Sai da Yusha'u ya isa kwaleji sannan ya ji zancen daga tushe. Sikolashif ɗin kuɗin littattafai ne da ɗan na abinci, kuma 'yan shekarar farko ba a ba su sai jami'ai sun zo sun gan su ido da ido, can wajen ƙarshen shekara. Ɗan guzirin da kawunsa ya haɗa masa ya tafi a rajista da katifa. Ya zama in ya ci da rana, sai wata ranar. A hostal kowa yana da ɗan garinsu, shi kuwa ba wanda ya taɓa jin sunan tungarsu. In an tashi daga lacca yakan zauna bayan aji yana kallon filin da babu ruwa ko na wanke ƙafa, yana jin kamar kifin da aka manta a kan yashi.

To, a tungar nan akwai wata al'ada. Yarinyar da aka yi wa baiko, in saurayinta ya yi nisa, takan aika masa da kwandon banda na hannunta. Shi kuma ba ya mayar da kwandon haka nan. Dole ya sa tukuici a ciki, ko da goro ɗaya ne. In kwando ya dawo wayam, ma'anarsa guda ce: na ƙoshi da ke.

Zuliha ta zaɓi tarwaɗa masu mai, ta banda su da kanta, ta kai Yelwa ranar kasuwa ta danƙa wa Gambo, direban da ke ɗaukar kifi zuwa Sakkwato. Da Yusha'u ya hango Gambo a ƙofar hostal da kwando, sai ya tuna da tukuici. Goro ɗaya yana da kuɗinsa. Amma mutumin da aka ce yana da mota, ya aika da goro ɗaya? Ya zame ta baya ya shige laburare. Abokin ɗakinsa, wani ɗan Gusau da bai san kan zancen ba, ya juye kifin, ya kakkaɓe kwandon tas, ya miƙa wa Gambo har da godiya.

Inna Dudu ta kifa kwandon, ta girgiza, ta leƙa ciki kamar mai neman allura.

"Kin gani ko? Ya ci kuɗin gwamnati, ya ci kihinmu, ya maido muna kwando shina hamma."

"Wataƙila mantuwa ce, Inna."

"Mantuwa? Ya manta da cin kihin? Ɗiyan birni sun riƙe shi, masu jan baki. Ke ki zauna nan hayaƙi na dahwa ki."

Labari ya zaga tunga. 'Yan matan da suke zuwa ɗibar ruwa tare da Zuliha suka koma yin shiru in ta iso, in ta juya su kwashe da dariya. Ta daina bin su. Sai rana ta yi sanyi take zuwa ita kaɗai, ta zauna kan wani tsohon kwalekwale da aka kife, tana kallon jiragen da ke dawowa daga Yelwa. Kowane jirgi da nasa mutanen, babu nata.

Duk da haka ta sake banda wani kifin ta aika. Wannan karon Gambo ya ritsa Yusha'u a bakin famfo.

"Malam ɗalibi, mi za a sa a kwando?"

"Ka ce mata ta yi haƙuri. Babban tukuici yana nan tafe."

"Haƙuri ba ya da nauyi a kwando, yaro," in ji Gambo, ya tafi yana girgiza kai.

A tashar Yelwa Zuliha ta karɓi kwandon, ta ji shi sakayau. Ta tsaya tsakiyar kasuwa, idonta ya cika. Can sai wata dabara ta faɗo mata. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yan kuɗin da take tarawa na kwanonin aure, ta sayi ɗankwali ja da sabulu mai ƙamshi, ta shimfiɗa su a gindin kwando ta rufe da ganye.

Ranar nan Inna Dudu ta ɗaura ɗankwalin, ta bi gida gida.

"Ku taɓa ku ji. Irin wanga sai Sakkwato. Nan Yawuri ko Sarki ya nema ba ya samu."

Dabara ta yi kyau, sai dai Zuliha ta yi kuskure ɗaya. A ruɗe take, ba ta duba rumfar wa ta shiga ba. Rumfar mijin Ladidi ce, ƙanwar Inna, kuma Ladidi tana daga ciki tana kallon ta. Da aka yi wani suna a tunga Ladidi ta zo, ta ga ɗankwali a kan yayarta.

"Yaya, ya yi miki kyau. Da Zuliha ta ce ke za ta saya wa, ai da na sa an rage mata."

Inna Dudu ta zare ɗankwalin a hankali kamar mai cire ƙaya.

A gida ta jefa shi gaban Zuliha.

"Ni za ki mayar abin dariya? Ki saya da kuɗinki, ki ce shi ya aiko?"

Zuliha ta durƙusa tana kuka. "Inna, ban so a zage shi ba ne. Na san Yusha'u. Akwai abin da ya same shi."

"Abin da ya same shi kuɗi na. Malam, ka maida musu kayan baikonsu. Ɗiyata ba ta rasa masoya ba."

Malam Tanimu ya dubi 'yarsa. Sannan ya aje allurar taru.

"Zuliha, tashi ki banda wani kihin. Ni zan kai da kaina. In kwandon ga ya dawo wayam a hannuna, magana ta ƙare, kuma ba ni son in ƙara jin kuka. Kin yarda?"

"Na yarda, Baba."

Ta banda kifin tana share hawaye, ba wanda zai ce ga na hayaƙi ga na zuci.

Malam Tanimu ya sa babbar rigarsa ta Idi, don kada ya kunyata gaban mai mota, ya hau gaban motar Gambo. Suka tarar an yi hutu, kwaleji ta watse, sai awaki ke yawo tsakanin azuzuwa. Mai gadi ya ce ɗalibi ɗaya ne ya rage, ɗan Yawuri, ba shi da kuɗin motar gida. In ana neman sa a duba bakin Gulbin Rima.

Can suka same shi, zaune a gindin wata bishiya shi kaɗai, yana ɗinke wa masuntan wurin taru don su ba shi abinci. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, rigar da ya bar gida da ita ce a jikinsa. Da ya ɗaga kai ya ga surukinsa cikin babbar riga da kwando a hannu, ya rasa inda zai sa kansa. Ya zube ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba."

Malam Tanimu ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Ina anka aje motar? Ko an kai ta wanki?"

Yusha'u ya fashe da kuka. Ya faɗi komai: yadda ba a biyan 'yan shekarar farko sai ƙarshen shekara, yadda ya ɓuya a laburare, yadda kifin Zuliha ya riƙe shi makonni yana gutsura kaɗan kaɗan.

"Goro ɗaya ya gagare ka?"

"Bai gagare ni ba, Baba. Kunya na ji. An ce ina da albashi, ban musa ba."

"To ka ji abin da kunyarka ta saya. Yarinya ta kwashe kuɗin kwanoninta ta yi wa kanta tukuici da sunanka, don kada a zage ka. An kama ta gaban mata. Kai kana nan kana ɓuya, ita tana can tana shan zagin."

Yusha'u ya kifa kai a gwiwa. Malam Tanimu ya zauna kusa da shi a ƙasa, da rigar Idin da komai, ya buɗe kwandon.

"Ci. In ka ƙoshi ka ɗauko takalmanka."

Washegari da la'asar Zuliha tana kan kwalekwalen nan da aka kife, jirgin Yelwa ya iso. Ta hango mahaifinta ya sauko hannu rabbana. Ba kwando ma. Inna Dudu, da ta biyo ta da mata a baya, ta ce, "To, kin gani da idonki."

Sai ga wani dogon mutum ramamme ya fito daga jirgin, da kwando a ka.

Inna ta karɓi kwandon ta leƙa. "Malam, wayam na."

"Duba da kyau," in ji Malam Tanimu. "Tukuicin ya hi ƙarhin kwandon, shi ya sa ya ɗauko shi a ka."

Yusha'u ya durƙusa gaban Inna a kan yashi, gaban kowa da kowa, ya ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Inna, ba ni da albashi, ba ni da babur, ba ni da mota. Ɗalibi ne ni, ko alawus ɗin ba a fara ba ni ba. Laifina ne da ban faɗa ba. Ki yafe mini." Ya laluba aljihu ya fito da goro ɗaya, wanda ya saya a Yelwa da ladan ɗinkin taru, ya sa a kwandon.

Inna Dudu ta dubi goron, ta dubi wuyan yaron.

"Ji wuya kamar na zalɓe. Haka gwamnatin take kiwon nata? Tashi mu je ka ci tuwo." Ta juya ga matan. "Ku kuma mi kuke kallo? Wa ya ce muku yana da mota?"

"Ke kinka ce," in ji wata daga baya.

Zuliha ta ɗauki goron ta ƙulle a bakin zanenta, daidai inda kuɗin kwanoninta suke a da. Tana dariya, hawaye na zuba.

Da hutu ya ƙare, masuntan tunga suka haɗa masa garin tuwo da busasshen kifi, tunda yanzu sun san ɗalibi suke da shi ba attajiri ba. Kwando ya ci gaba da zuwa Sakkwato, yana dawowa da goro ɗaya, wani lokaci da alawa. Ƙarshen shekara jami'ai suka zo, aka biya shi. Ya sayi littattafansa, abin da ya rage ya sayi kwanoni ya cika kwandon har Gambo yana ƙorafin nauyi. Bayan ya gama karatu aka ɗaura aure, Inna Dudu ta yi rawa da jan ɗankwalin nan, wanda har yau take cewa daga Sakkwato ya zo.

Ku samari masu tafiya karatu, tallafin gwamnati na littafi ne, ba na fariya ba. In babu, ku ce babu. Wadda ke son ku za ta iya jira, amma ba ta san abin da take jira ba in kun ɓuya. Iyaye kuma kada ku auna ɗan mutane da labarin bakin ruwa. Zuliha ta yi haƙuri ta samu mijinta, kuma abin da ya kusa raba su bai wuce goro ɗaya da kunya ta hana a aiko ba.