Ya Zaɓi Balki

Ranar da Azaratu ta fara ganin Muniru, yana tsaye cikin kwatar unguwar Akwatialine har gwiwa, yana ba samarin ƙungiyarsa umarni. Da suka gama yasa, ya kafa madubin likita mai ƙara girman ƙwayoyin cuta, wanda ya aro a makarantarsu ta koyon likita, ya ɗiga masa ruwan rijiya.

"Mai koko, zo ki leƙa."

Ta leƙa, ta yi baya da sauri. "Ei! Waɗannan muke sha?"

"Sai an tafasa," in ji shi. Ba ruwan yake kallo ba.

Tun daga nan kullum sai ya sha kokonta, yana kiranta Tauraruwa.

Kwatsam ya ɗauke ƙafa. Kwalara ta shigo gari, namiji kuwa ba ya shiga wajen matan aure, don haka aka nemi budurwar da za ta kai madubin gida-gida. Muniru ya zaɓi Balki mai wushirya. Shi ke riƙe mata akwatin har ƙofa, tana ta fari da ido. Azaratu ta kasa cin abinci.

Ta tare shi a kasuwar Race Course. "Ni makauniya ce? Ko sai mai wushirya ke iya nuna tsutsa?"

Ya waiga hagu da dama. "Tauraruwa, kawuna ya kai goro gidanku. Babanki ya ce ba ya ba mai yasar kwata 'ya, kuma ranar da aka gan ni kusa da ke, magana ta mutu. Ina lallashi ne."

Ba ta tsaya sallama ba. Ta tarar da mahaifinta, Alhaji Iddi, yana tsintar goro, ta durƙusa.

"Baba, na haƙura. Dama gidan su Balki sun fara kiransa suruki."

Hannunsa ya tsaya. "Wace Balkin? 'Yar Brimah? Wanda ya ƙwace min masu saye a kasuwa?"

"Ita. Brimah yana cewa gidansa ne zai yi suruki likita."

"Likita? A gidan Brimah?" Ya miƙe, goro ya watse. "Ku kira min kawun yaron nan!"

Bayan Sallah aka ɗaura aure, unguwar Zango ta cika maƙil. Muniru ya ɗaga mayafinta.

"Kin huce, Tauraruwata?"

"Wa ya gayyaci Balki?"

"Babanki. Har ubanta ya sa a sahun gaba, don ya gani da kyau."

Ta tuntsire da dariya, ta ɓoye fuska a kafaɗarsa. A waje tsofaffi na ta shi albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba.